Ƙaramin Kwando, Kai Shida

Litinin, 6 ga Agusta 2007, bayan azahar

Yau an tara mu a ofis, tun daga Oga har ni Bappayo masinja, wai za a yi bayani kan katin asibiti. Da na ji an ce taro na ɗauka za a raba lemo. Babu lemo. Wani yaro ne kamfanin inshora ya turo daga Kano, Najmuddeen, da kwat da igiya a wuya cikin wannan zufa.

Ya ce magani ya yi tsada, abin da ake yanka mana a albashi ya daina isa, ga mutane ko atishawa suka yi sai asibiti. Nan na sunkuyar da kai, don ni ma na taɓa kai kaina saboda wake. Ya ce saboda haka an sauya tsari. Da sunan maigida kawai ake dubawa a karɓi iyalinsa. Yanzu kowa zai zaɓar wa kansa asibitin da yake so, da mutanen da zai sa a kati, da girman kwandonsa: babba, matsakaici, ƙarami. Abin da ka rage a ƙarshen shekara naka ne.

Ya ce, "Daga yau kowa shi ne direban lafiyarsa."

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ko keke sai an riƙe mini baya." Aka yi dariya, har Oga. Na ji daɗi. Ni dai a yi mini dariya, ko ban ci abincin rana ba.

Na zaɓi ƙarami. Kai shida yake ɗauka. Asibiti kuwa na zaɓi na bayan tasha, saboda suna da talabijin a wurin jira. Mutumin da ya tsaya a aji biyu na sakandare aka ce ya zaɓi asibiti, da me zai auna?

Da layi ya zo kaina ya ce, "Malam Bappayo, 'ya'ya nawa?" Duk ofis na saurare. Na ce huɗu. Talha, Humaira, Abdulsamad, Jannatu. Ya rubuta, ya ce madalla, da ni da uwargida kwando ya cika cif. Malam Jaji, sakataren ƙungiyarmu, ya dube ni ta saman tabarau, ya mai da kai kan takardarsa.

Juma'a, 10 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Kati ya fito, da hotunanmu a jere kamar waɗanda 'yan sanda ke nema. Na kai wa Ya Gana, matata. Ta bi kawunan da yatsa, ta sake bi. Ta ajiye ta ce bari ta je, miya za ta ƙone. Ba ta ma hura wuta ba.

To bari in faɗa wa takarda, tunda takarda ba ta da ido. Akwai ta biyar, wato ta farko. Tana Katagum wurin Inna, mahaifiyata, tun ranar da aka yaye ta. Bana shekararta sha shida. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a lissafa shi a gaban mutane, haka na tarar, haka ubana ya yi da ni. Ita kuma nata biyu ne, don sunan Inna aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Uwa. Ni ko Uwan ma nauyi yake mini, 'yar Inna nake cewa.

A garin nan in mutum ya ce 'ya'yansa huɗu, ko mai goro ya san biyar ne. Yaron Kano ya ji huɗu, ya rubuta huɗu.

Kai na bakwai sai an ƙara yanka a albashi. Ban ce shi ya hana ni ba. Ban kuma ce ba shi ba ne.

Laraba, 15 ga Agusta, da hantsi

Direban motar Katagum ya biyo ta ofis. Inna ta ce in je. Inna ba ta cewa in je.

Asabar, 18 ga Agusta, bayan la'asar, Katagum

Ruwa ya cinye hanya gaba da Sakwa, muka sauka muka tura mota. Takalmina ɗaya ya zauna a can, Allah ya ba shi aikin gona.

Na same ta a kwance a ɗakin Inna. Ta yunƙura za ta tashi ta kasa, ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Yaya take ce mini, kamar yadda ƙannena ke faɗa, don cikinsu ta tashi. Na dubi Inna na ce, "Inna, yaya mai jikin?" Alhali mai jikin ga ta nan tana kallona.

Inna ta ce ya kai wata. Mai kemis ya yi allurai, an sha jiƙo, an sha rubutu. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikin yarinyar. Na janye da sauri. Ba zan rubuta abin da na ji ba.

Na ce ai ƙosan Inna ne ya taru wuri guda, dama na sha faɗa mata ta rage kanwa. Inna ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi. Wadda ta ji kuma ba ta yi dariya ba.

Gobe za mu wuce gida Azare mu uku.

Litinin, 20 ga Agusta, da yamma

Na yi wayo yau, irin wayona.

A asibitin bayan tasha na miƙa kati ta taga, na nuna hoton Humaira na ce ga marar lafiya. Shekara huɗu ce tsakaninsu, amma hancin ɗaya ne, nawa ne. Matar taga ba ta ko ɗaga kai ba. Muka zauna. Talabijin ɗin ma ashe ba ya aiki.

Nas ta fito ta ce, "Humaira Bappayo!" Shiru. Ta sake. Na taɓa yarinyar da gwiwar hannu na ce tashi. Ta ce, "Yaya, Humaira ai tana gida." Na ce tashi dai, zan yi miki bayani. Ta miƙa hannu ta karɓi katin. Ta fi ni karatu, Inna ba ta yi wasa da makarantarta ba. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Ni ba na ciki?"

Na ce katin ƙarami ne, ke kuma kin yi tsawo.

Ta miƙo mini abina. Ta ce wa nas, "Ni ba Humaira ba ce." A hankali ta faɗa, ba fushi. Da ma ta yi fushin.

Daga aljihu na biya aka ga likita, aka ɗauki hoton ciki.

Talata, 21 ga Agusta, da azahar

Likita ya ɗaga hoton a hasken taga ya faɗi wata kalma doguwa. Na ce ya maimaita, ya maimaita, ban riƙe ba. Ko kuma ban so riƙewa ba.

Ya ce hanya uku ce. A ba da magani a jira a gani. Ko a yi aiki a nan. Ko a kai ta Kano a yi a can. Ya faɗi abin da kowanne zai ci. Sannan ya haɗa hannuwa ya ce, "Zaɓi naka ne, Malam."

Na ce, "Likita, in 'yarka ce fa?"

Ya ce shi a tsarin yanzu bayani ne nasa, ba a son a ce ya tura mutum inda kuɗi ya fi yawa. Amma da zan fita ya ce, ƙasa-ƙasa, "Kada dai a daɗe ana jira."

Ko tumatir aka aike ni saye, ruɓaɓɓe nake kawowa. Ya Gana shaida ce.

Laraba, 22 ga Agusta, da safe

Na sami Malam Jaji kafin Oga ya iso. Ya ce akwai gyara. In koma matsakaicin kwando, a ƙara kai, shi ne ma yake ɗaukar aiki irin wannan. Amma sai Najmuddeen ya zo da kansa, shi kuma yana zagaye, yau Yana, gobe Gamawa.

Na ce, "Malam Jaji, kana gani ranar nan ka yi shiru."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Bappayo, ni nawa ka ji na faɗa?"

Na ce shida.

Ya ce, "To nawa ne?"

Sai na tuna babban ɗansa mai karatu a Bauchi. Muka bi ofis a baki, tebur tebur. Akawu, direban Oga, maigadi, mai shara. Kusan rabinmu mun bar 'ya'yan fari a waje. Muka yi ta dariya har hawaye. Na ce kamfani ya kamata ya ba kunya lambar yabo, ta fi duk ma'aikatansu kawo riba. Da dariyar ta ƙare ba wanda ya kalli wani.

Asabar, 25 ga Agusta

An ba da magani ana jira a gida. Wato na zaɓi na farko. Wato shi ya zaɓe ni.

Litinin, 27 ga Agusta, da yamma

Bai zo ba.

Talata, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Ya Gana, ita da ta haife ta, ba ta shiga ɗakin da aka kwantar da yarinyar in Inna na ciki. Kunu take damawa ta ba Humaira ta kai. Zannuwan yarinyar kuwa ta wanke su jiya, ta sake wanke su yau, ba wanda ya ɗaura su a tsakani.

Ɗazu na dawo da wuri, Inna na salla a tsakar gida. Na leƙa ɗakin, sai ga Ya Gana a bakin katifa, kan yarinyar a cinyarta, tana tsefe mata kitso. Tana ganina ta zabura ta ce, "Ƙwarƙwata nake dubawa." Na ce Allah ya ba da sa'a, in an samu a ajiye mini biyu.

Da muka keɓe ta ce, "Malam, bakin nan naka da ba ya hutawa a majalisa, ranar nan ina ya tafi?"

Na ce, "Ke da za ki iya faɗa?"

Can ta ce, "Ni ba a tambaye ni ba."

Alhamis, 30 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Bai zo ba. Malam Jaji ya kira wayar Najmuddeen, matar nan ta cikin waya ta ce a sake gwadawa. Ita kaɗai ce ba ta gajiya da ni.

Juma'a, 31 ga Agusta

Tana gaishe ni kullum, da ladabi, kamar baƙon Inna. Na yi mata kwaikwayon tafiyar Oga, wadda ko Oga sai ya murmusa. Ta ce, "Sannu, Yaya." Ta juya fuska bango.

Ba ta ci ba yau ma.

Lahadi, 2 ga Satumba, da hantsi

Mun kai ta asibiti. Sun riƙe ta, gado na kusa da ƙofa. Akuyoyin Ya Gana biyu suka tafi kasuwa kafin a ba da gadon. Ba ni na ce a sayar ba, kafin in buɗe baki ta riga ta ɗaura musu igiya.

Ba zan rubuta yadda muka kai ta ba.

Litinin, 3 ga Satumba, bayan azahar

Likita ya ce magani ya yi iyakar abin da zai yi. Kano kuma yanzu ta yi nisa, ba za ta ɗauki hanya ba. Na ce alhamdu lillahi, zaɓi ya ragu, dama yawansa ke ruɗa ni. Ya dube ni kamar zai duba ni ni ma.

Ya ce kada a wuce mako guda ba a yi aiki ba.

Na kai takardun Oga ofishin da ba nasu ba, sau biyu. Oga ya buɗe baki zai yi faɗa, ya fasa. Wannan ya fi faɗan tsorata ni.

Laraba, 5 ga Satumba

An ce gobe zai zo. An sha cewa gobe.

Alhamis, 6 ga Satumba, bayan magariba

Ya zo. Malam Jaji ne ya tare shi a tasha ya ɗauko shi a babur har asibiti, ko ruwa bai bari ya sha ba.

Yaron ba mugu ba ne. Da aka yi masa bayani ya riƙe baki ya ce shi ma kakarsa haka take yi, bai dai taɓa zaton abin zai biyo shi wurin aiki ba. Ya ce sabon suna yakan ɗauki wata kafin ya fara aiki, sai dai in babban ofis ya amince da gaggawa ta waya. Kuma dole mai kati ya yi magana da bakinsa, don an sha kama masu cusa 'ya'yan maƙwabta. Na ce subhanallahi, mutane ba sa tsoron Allah.

Sabis kuwa a asibitin nan wuri ɗaya yake zama, gindin darbejiyar bakin ƙofa. Can mai shayi yake, can 'yan acaɓa suke, can duk masu jinya ke tsayawa kowa da waya a sama kamar masu roƙon ruwa. Can muka je.

Wata mata ce a Kano. Ta tambayi sunana da lambar kati, na faɗa tiryan-tiryan. Ta ce, "Sunan yarinyar?"

Na ce Uwa. Shi ma da ƙyar.

Ta ce, "Na yanka, Malam. Wanda ke takardar makaranta."

Na ce wa Najmuddeen ya faɗa mata mana. Ya girgiza kai. Na koma kan waya na ce, "Hajiya, kin san matar da Manzon Allah ya aura bayan rasuwar Nana Khadija? To sunanta ne."

Ta ce, "A'isha?"

Na ce a'a, ɗayar.

Ta ce, "Malam, ba islamiyya muke ba, akwai mutane a layi."

Na kare baki da hannu na faɗa. Ta ce ba ta ji. Na ƙara. Ta ce yana yankewa, in ɗaga murya. Wani ɗan acaɓa ya tayar da babur. Najmuddeen na nuna mini da hannu kuɗin waya na ƙarewa. Sai na ga gadon nan na kusa da ƙofa a idona, na rufe ido na kwarara:

"SAUDATU!"

Ga shi na ma rubuta, hannuna bai karye ba.

A bayana aka ce, "Na'am?"

Inna ce. Ta fito karɓar ruwan zafi wurin mai shayi, da filas a hannu. Matar da sai ka yi ihu a kunnenta kafin ta san ana sallama, yau ta ji sarai. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama.

Matar Kano ta ce, "Yauwa. Mece ce ita a wurinka?"

Na ce 'ya.

"Ta riƙo ko ta cikinka?"

Inna na kallona. Malam Jaji na kallon takalminsa. Na ce, "'Yata ce. Ita ce ta fari." Da ƙarfi, don kada ta ce in maimaita.

Da aka kashe waya Inna ta matso ta ce, "Kai ne? Wallahi na zaci Mala'ika ne ya zo. Rabon da a kira ni haka tun ina tallan nono." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe ka san shi." Ta miƙo mini filas ta ce in riƙe, marar kunya.

Ba wanda ya yi dariya. Karo na farko da na tara jama'a haka ban samu ko guda ba.

Juma'a, 7 ga Satumba

An ce takarda na teburin wani, wanin ya tafi masallaci.

Asabar, 8 ga Satumba, da yamma

Ba aiki yau, ba aiki gobe. Ciwo ne kaɗai ba ya hutun ƙarshen mako. Malam Jaji ya ce mutum biyar sun ba shi sunaye a ninke cikin takarda, ya ajiye wa Najmuddeen. Na ce su tanadi murya.

Ta daina juya fuska bango. Ban sani ba ko ta huce ne, ko juyawar ce ta gagara.

Litinin, 10 ga Satumba, da azahar

Sun amince. Gobe da safe. An kawo takarda in sa hannu a inda aka rubuta uba. Na sa.

Talata, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Sun shiga da ita da hantsi. Muka zauna a benci, ni da Inna. Ya Gana ta ce ita tana gida, wa zai kula da yara. Da na fita alwala na gan ta a bayan ɗakin aikin, zaune a kan dutse cikin rana. Na yi kamar ban gani ba, ta yi kamar ba ita ba ce.

Aka yi azahar. Na yi salla, ban san raka'a nawa na yi ba.

Can nas ta turo ƙofa ta ce, "Ina baban Saudatu?" Na waiwaya ina taya ta neman mutumin. Sai da Inna ta zungure ni da sanda.

Likita ya ce an cire. Abin da aka cire za a tura Kano a duba ko wane iri ne, sai bayan mako biyu a ji. Na tambaye shi in mai kyau ne fa, in kuma ba mai kyau ba ne fa. Ya ce mu bari a ji tukuna. Wannan karon bai ce in zaɓa ba, na gode masa.

Sun bar ni na shiga ni kaɗai. Ta yi fayau, leɓenta ya bushe, an hana ta ruwa. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Yaya."

Na ce na'am.

Ta ce, "Inna ta ce ka tara mutane a bakin ƙofa."

Na ce sharrin Inna ne, kin san tsufa.

Ta ce, "Kowa ya ji, ban da ni. Faɗa in ji."

Na duba ƙofa, ga Inna ta leƙo da kai. Na duba taga, ga ɗankwalin Ya Gana. Na ɗaga hannu sama na juya shi hagu da dama, na ce, "Ɗakin nan ba sabis."

Ta fara dariya, ɗinki ya kama ta, ta riƙe hannuna gam tana cewa wayyo, ba ta kuma daina ba. Nas ta shigo da gudu ta kore ni waje.